Ranar da Guga Ya Ja Malam Shu'aibu

Duk faɗin Damargu, daga Tanout har Belbeji, ba a taɓa yin ɗan kimiyya kamar Malam Shu'aibu ba. Shi da kansa ya tabbatar mana. Ɗalibansa na kwaleji suna kiransa Injin Ilimi, shi kuwa yana amsawa da fara'a, ya ɗauka yabo ne.

Abu ɗaya ke cin ran bawan Allah: a ce kai irin nasa yana ruɓewa a ƙauye. Damagaram yake so a mayar da shi, inda ake da lantarki da masu gane daraja. Da ya ji insifekta Madam Radiya za ta zo duba darasinsa, sai ya ce to, ranar ƙaura ta zo.

Darasin kuwa a kan ƙarfin ajiye ne da ƙarfin motsi. Ƙaramin malami zai ɗaga dutse ya saki, shi ke nan. Injin Ilimi ya fi ƙarfin wannan. Ya sa farar kwat, ya kwashi aji da baƙuwa ya yi rijiyar makiyaya da su.

Rijiyoyinmu dai kun san zurfinsu, raƙumi ke jan guga. Raƙumin wani makiyayi mai suna Jika ya tafi can nesa da igiya, ƙaton guga ya iso bakin rijiya yana lilo, cike fal. Malam ya hana a juye, ya tattaka har wajen raƙumin, jama'a na biye.

"Ku buɗe kunne! Gugan nan da ke sama, ƙarfi ne a ajiye cikinsa. Yawan nauyi da yawan tsawo, yawan ƙarfi. In ya faɗa, ya zama ƙarfin motsi. Jika, kwance igiyar ka ba ni. Zan sassauta a hankali, a ƙidaye."

"Mushe, kai kaɗai?" in ji Jika, don haka ake kiran malamin boko a nan, da Faransanci.

"Raƙumi da ƙashi yake ja, ni da lissafi."

Ya naɗe igiyar a hannu, ya gyara tsayuwa yadda Madam za ta gan shi da kyau. Aka kwance.

Wayyo, lissafi! Guga ya yi ƙasa, Malam ya yi gaba. Da fari gudu yake, har da ɗan mutunci. Daga nan ya koma tafiya da ciki, takalmi ɗaya gabas, ɗaya yamma, awaki na watsewa. Yara suka bi shi a guje suna ihu, "Ƙarfin motsi! Ƙarfin motsi!" Allah ya sa kwamin shayar da dabbobi na kan hanya. Nan ya yi birki cikin taɓo, igiya ta kuɓuce, can ƙasa aka ji tinjim.

Ya miƙe yana tofar da laka, ya ce, "Kamar yadda na tsara."

Madam Radiya ta goge hawayen dariya, ta yi wa yara tambayoyi. Har na bencin baya ba wanda ya faɗi ko ɗaya. Malam ya kumbura cikin taɓonsa, a zuci har ya fara ɗaure kaya.

"Mushe," in ji ta, "ban taɓa ganin aji ya gane darasi haka ba. Zan faɗa wa manya kada a kuskura a ɗauke ka daga nan. A Damagaram famfo gare su, ina za ka samu rijiya?"