Ranar da Na Zaɓa wa Maigida Harsashi

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka rushe layinmu na da don a faɗaɗa Haramin Makka, muka kwashi komatsanmu muka koma Rusaifa. Ban yaye Saudatu ba tukuna, kuma ruwan nan da ya shiga masallaci har mutane suka yi iyo bai riga ya zo ba. A tsakanin nan ne na ja wa kaina sunan da har gobe jikokina ke kirana da shi idan na fara cika baki.

Ni 'yar maharbi ce, wannan ba ƙarya. Ubana a dajin Ningi ya yi suna, ya kashe gwanki, ya kashe ɓauna. Ina yarinya muka baro gida, muka bi ta Chadi da Sudan, shi kuma ƙasa ta rufe shi a hanya. Abin da ban cika faɗa wa mutane ba shi ne, a gidanmu mace ba ta taɓa bindiga. Ko inuwarta ba ma tsallakawa, wai asiri zai karye. Iyakata leƙe ta kafar zana: ya tsayar da bindigar tokarsa, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya jefa duk abin da ya samu, dalma ce, guntun ƙusa ce, ya danna da ƙarfe. In ƙaramin nama ne ƙaramin ƙarfe, in gwanki ne babba. Ilimina ke nan kaf. Amma a bakin rijiyar Rusaifa, ku zo ku ji ni! Har giwa na sa Baba ya kayar (Allah Ya yafe mini, giwar dai kashinta kawai ya taɓa gani).

Maigidana, Malam Idi, direba ne a gidan wani attajirin turare, Ammi Salim. Ni kuma nakan je wanki wurin matarsa, Sitti Nura. Ba mu da takardar zama. Inuwar mutumin nan ce kawai ta rufe mu, in ya ce “halas”, wato an gama, to sai jirgin ruwan mai da mu ƙasarmu.

Ana nan wansa ya rasu, ya bar masa bindigogi cikin wani akwatin ƙarfe. Shi Ammi Salim, banda kwalbar turare, bai taɓa riƙe abin da ya fi carbi nauyi ba. Sai surukansa na Ta'ifa suka gayyace shi farautar akuyar dutse, mai ƙahonin nan kamar lauje, can bayan duwatsu, tunda kun san a cikin hurumin Makka ko tantabara ba a kora. Kunya ta hana shi cewa bai iya ba. Malam Idi kuwa, bawan Allah, ya buɗe baki ya ce ai matarsa a cikin bindiga aka haife ta.

Sitti Nura ta same ni ina matse zanen gado. “Ta'ali, zo nan, ya Hajja! Ashe ke ce maganin abin kika yi shiru?”

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Ina! Na goge hannu a zani, na gyara ɗaurin kallabi, na shiga ɗakin kamar likita.

Bindigogi biyu ne. Ɗaya gajera mai ƙaton baki, ɗaya doguwa siririya, tana sheƙi. Harsasai ma kashi biyu: wasu sirara masu tsini kamar ɗan yatsa, wasu jajaye ɓul-ɓul kamar guntun rake. Na tambayi girman naman, Sitti ta nuna ƙugunta. Na gyaɗa kai.

“Doguwar nan za a ɗauka,” na ce, “ita ke cin nisa. Harsashi kuwa jajayen nan. Waɗannan tsinkayen sakace ko zomo ba za su tayar daga barci ba. Haka Baba ke yi: babban nama, babban ƙarfe.”

Malam Idi ya ce, “Ko a haɗa duka, don ko-ta-kwana?”

Na harare shi. “Malam, kai da tuƙi, ni da daji. Na taɓa gaya maka inda birki yake?”

Ya naɗe doguwar da jajayen a bargo, ya kulle sauran.

Tun da motarsu ta tashi na kasa zama. Ba tsoro ba ne fa, ɗoki ne. Na daka yaji. Na sake dakawa don bai yi laushi ba. Na aro babbar tukunyar maƙwabciyata Hanne 'yar Sakkwato, na ce ta gaya wa mata akwai farfesun naman daji. Na share tsakar gida har ƙasa ta gaji da ni. Ko ƙarar mota na ji sai na leƙa, ko da ta masu ruwa ce. Hanne ta ce, “Ke wai zauna mana, akuyar nan ba ke za ta aura ba.”

Da suka dawo, Malam Idi ya shigo ba sallama mai ƙarfi, ba nama, ba ko ƙaho. Leɓensa ya bushe.

“Ina rabonmu?”

“Tashi ki sa mayafi. Ammi Salim yana kiranki.”

A hanya ya ba ni labari a gutsure. Sun hau dutse har ƙafa ta kumbura. Surukai suka ce baƙo shi zai fara harbi. Ga bunsuru ya fito kan tsauni, ya tsaya ƙerere. Ammi Salim ya buɗe bindiga, ya kawo jan harsashi, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Ya tofa masa yawu. Bunsurun yana kallonsa yana tuƙa. Daga ƙarshe ya yi fitsari ya haye abinsa, surukai kuwa har da masu kwanciya a ƙasa don dariya.

Malam ya ce, “Makullin mota ma ya karɓa.”

Na fara ganin jirgin Jidda, da Saudatu a bayana.

Muka tarar da Ammi Salim a zaure, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Bindiga da jan harsashi ɗaya suna kan darduma. Sitti Nura da 'yan'uwanta mata sun cika matakala suna leƙe.

“Ya bintal sayyad,” ya ce, wato 'yar maharbi. “Ni jahili ne. Nuna mini yadda ake sa wannan a cikin wannan.”

To ku ji ƙarfin hali. Maimakon in durƙusa in ba da haƙuri, sai zuciyata ta ce ai laifinsa ne, bai iya ɗuri ba. Na yi bisimilla, na ɗauki bindiga karo na farko a rayuwata. Na kafa gindinta a ƙasa, baki sama, yadda Baba ke yi. Na ɗora harsashin a kan bakin. Ya zauna a kai kamar tulu a kan kwalba. Na danna da babban yatsa. Na danna da tafin hannu. Sai na ɗaga kai na ce da Sitti, da Larabcina na wanki:

“A ba ni tsumma, da muciya.”

Malam Idi ya rufe fuska da hula.

“Muciya?” in ji Ammi Salim. “Ta baki? Ubanki ta baki yake ciyar da ita?”

“To ta ina ake ci in ba ta baki ba?”

Wata a matakala ce ta fara dariya, kamar an shaƙe kaza. Sai Sitti. Sai gemun Ammi Salim ya soma rawa, ya riƙe ciki, ya kife a kan matashi yana “Ya Sattar! Ya Sattar!” har da hawaye. Ni kuwa ina tsaye riƙe da bindiga kamar taɓarya, gumi yana bin bayana, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Da ya samu numfashi ya jefa wa Malam makulli. “Ɗauki, ya Idris. Kai da ke zaune da wannan matar, hukuncinka ya ishe ka.”

Daga baya ne surukin Ammi Salim ya yi wa Malam bayani: kowace bindigar Bature da nata harsashin, gwargwadon faɗin cikinta. Jajayen na gajerar ne, ƙananan dalma ne a ciki, na tsuntsu. Tsinkayen sakacen da na raina, su ne na babban nama.

Na dawo gida na tarar mata sun hallara da kwanoninsu. Da yajin muka ci dafaffen wake. Hanne tana lasar hannu ta ce, “Sarkin Baka, wannan gwankin a ina kika harbo shi?” Sunan ya zauna daram.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni abin da ta kafar zana kawai na gani, nakan ce a tambayi mai shi. Nakan ce, ba kullum ba.

Ammi Salim ya rasu, Sitti ta bi shi, Malam Idi yana maƙabartar Ma'ala, Allah Ya jiƙansu. Saura ni, da Saudatu da ba ta san komai ba lokacin, sai Hanne a unguwar Ka'akiyya. Ta makance, ta manta sunayen 'ya'yanta. Amma ko jiya da na je gaishe ta, tana jin muryata ta ce, “A kawo wa Sarkin Baka muciya.”