Ranar da Na Yi Alƙalancin Bira a Dokki

Har gobe ba zan manta da wata ranar bazara a Alƙahira ba, farkon shekarun tamanin, ina sabon ɗalibi mai ji da Larabcin littafi. Abokina Sani, ɗan Maraɗi, yana tuƙa wani tsohon Bagirke a unguwar Dokki, ana kiransa Hawaga Yanni. Na raka shi gidan, aka aike shi kasuwa, ya bar ni a falo.

Tsohon ya fito da kwalabe marasa tambari, masu sanyi har da raɓa. Ya ce da hannunsa yake haɗawa, yana neman mai gaya masa gaskiya. Na ce ya samu, don uwata zoɓo take sayarwa a Kano. Ya ce sunan abin bira. Na ɗauka wani ɗan itace ne na Masar (ban tambaya ba, kada a raina ni).

Na farko ja ne, da rumman. Tsaminsa ya kama min muƙamuƙi, ga kumfa tana tsikarata a harshe. Na ce ya kwana da yawa, kuma ba citta. Na biyu na mishmish ne, wani ɗan itace mai kama da ƙaramin mangwaro. Wannan ya ɗaure min kai: ƙanshin burodi, tsamin kindirmo, ɗaci can ƙarshe. Daga ina ɗacin yake? Na nemi ƙari don in gano. Hawaga sai gyaɗa kai yake.

Ina cikin yi masa bayanin kanumfari, da wata fasahar Larabci da ban san ina da ita ba, Sani ya shigo. Ya dubi kofin, ya dube ni.

"Ustaz, giya ce fa."

Ni da na haddace babin giya a fiƙihu, hamru da nabizu, ashe sunan da ake kiranta a titi ne ban sani ba. Tsohon ya yi ta ma'alish, yana ba ni haƙuri, ya ce ai ya faɗa min tun farko. Gaskiyarsa. Na kuskure baki har dasashina ya yi zafi, na yi ta istigfari a bas har unguwarmu, Ainu Shams.

Sani bai tona ni ba, sai dai har muka gama karatu Shehu Mishmish yake kirana, 'yan ɗakinmu suna zaton son 'ya'yan itace ne.

Tun daga ranar, in aka miƙo min abin da ban san sunansa ba, tambaya nake fara yi. Kunyarta ta minti ɗaya ce, kuma ba ta sa jiri.