Yadda Ake Aron Yatsa Don Rufe Bakin Wayar Asibiti

Kai mai ciwon suga da 'ya'ya suka saka sunanka a shafin asibiti na waya, inda likita da duk mai lambar sirri ke leƙen gwajinka, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka sha shayinka da madara har ƙasan kofi. An gwada su a kan Malam Isyaku na Dayi, wanda 'yarsa Zuwaira ta yi wa rantsuwa: shafin ya ƙara nuna ja, wurinta a Funtua za ta tafi da shi, ko da masararsa na tsaye a gona tana jiran girbi.

1. San abokin gabarka

Ba suga ba ne, tare kuka tsufa. Launi ne. Kore, a ƙyale ka. Ja, wayar 'yarka ta yi ƙara. A da sai ka hau mota ka je ka yi wa likita ƙarya ido da ido, cikin mutunci. Yanzu wai an ci gaba.

2. In da hannu ake rubuta sakamako, riƙa sassauyawa

Malam Isyaku ya samu lamba mai kyau ya riƙe ta kamar sunan yanka, kullum ita. Sai ga saƙon Likita Kudirat: "Baba, anya na'urarka ta gwajin suga na aiki?" Ba a jima ba Zuwaira ta aiko da sabuwa, mai tura sakamako da kanta. Munafukar na'ura, ko sallama ba ta yi.

3. Nemi yatsa

Na'ura jini ta sani, ba ta san mai shi ba. Kada ka tunkari matarka. Tani, matar Malam Isyaku, cewa ta yi, "Malam, ni da Zuwaira fa kullum muna waya." Kada ka gwada akuya, ba ta tsayawa. Nemi siriri, mai noma, wanda bai taɓa taka asibiti ba, tunda duk majalisa ta yarda suga ciwon masu tumbi ne. Malam Isyaku ya zaɓi amininsa Ummaru.

"Ummaru, ara mini yatsa."

"Za ka dawo da shi?"

"Ɗigo ɗaya ne, tsohon banza. Miƙo."

4. Kada ka firgita da abin da ka gani

Ummaru ya miƙa, aka tsaga, aka ɗiga. Shafin ya yi ja, irin jan da Malam Isyaku bai taɓa kaiwa ba ko ranar da ya sha rake har ya ƙoshi. Ya girgiza na'urar, ya hura mata iska, ya kife wayar a ƙarƙashin tabarma. Ka yi duk wannan, yana rage zafin zuciya. Amma sakamako ya riga ya isa Funtua.

5. In mota ta tsaya a ƙofar gida, faɗi gaskiya

Kafin azahar Zuwaira ta yi sallama. "Baba, ɗauko hularka."

Malam Isyaku ya dubi hanyar gona. "Uwata, ba yatsana ba ne. Na Ummaru ne."

"To madalla. Kawo naka."

Ya kawo, da shayin safe da burodi a cikinsa. Ja.

"Baba Ummaru," in ji ta, "kai ma ɗauko hularka."

Yanzu suna Funtua su biyu, kwano ɗaya, tuwon alkama ɗan kaɗan da ganye tuli. Likita ta tabbatar ciwon Ummaru ya daɗe a jikinsa, ta buɗe masa nasa shafin. Masara kuwa surukai suka girbe, Malam Isyaku a hoto ya gan ta. Ummaru ba ya amsa gaisuwarsa, sai dai ya ce, "Lafiyata lau har ka zo da allurarka."

Hattara: Mai wannan rubutu ba ta san ka ba, ba ta aike ka ba. In 'yarka ta zo da mota, hula taka ce, yatsa naku ne. Aminin da ka rasa kuma, yana nan da ransa, ka je ka lallashe shi.