Yadda Ake Neman Aure da Laftof ɗin Alhaji

Kai da kake son ɗiyar mutane amma ko ƙofar gidansu ba ka isa ka tsaya ba, matso kusa. Dabarar nan ba ta taɓa faɗuwa ƙasa banza ba. Mutum ɗaya ne ya gwada ta, Mas'ud na Tafoki, kuma ga shi nan da ransa.

1. Nemi uba mai kwamfuta

Mas'ud ya ga Hamida, ɗiyar Alhaji Gide dillalin masara a 'Yankara, abinci ya daina shiga. Alhaji kuwa ba ya son ganin saurayi ko a inuwar katangarsa. Amma yana da laftof da babban ɗansa ya aiko masa, kuma abu ɗaya tak yake yi da ita: nuna wa baƙi bidiyo da hotunan aikin Hajjinsa. Ko ta'aziyya ka je, sai ka kalli Alhaji yana jifan Shaiɗan. Irin wannan uban za ka nema. Wanda ya iya kwamfuta, bar masa ɗiyarsa.

2. Samu ka taɓa ta sau ɗaya

Bi ayarin masu gaisuwa, ka ce za ka ƙara mata sauti. Da Alhaji ya juya amsa waya, ɗora kibiya kan bidiyon, danna ɓangaren dama na maus, wato abin da ke juya kibiyar, zaɓi inda aka ce a buɗe da wata manhaja. Kada ka zaɓi ta kallo, ɗan'uwa. Zaɓi ta rubutu. Sannan ka nemi inda ke cewa kullum a riƙa buɗewa da ita, ka danna. Wannan kullum ɗin shi ne jarinka. Magabata sun ce kwamfuta kamar jaki take, hanyar da ka nuna mata ita za ta bi har ta mutu.

3. Koma gida ka jira

Washegari Alhaji ya tara baƙi daga Sabuwa, ya danna Hajjinsa, sai ga allo cike da wani rubutu kamar kaji sun yi tono. Ba Ka'aba, ba Alhaji.

"Ku kira mini yaron ga na Tafoki," in ji shi. "Maza."

Kada ka zo da wuri. Likita mai sauri ba shi da kwarjini.

4. Gyara a hankali

Gyaran bai kai kurɓar shayi ba: bi hanyar da ka bi, ka mayar da manhajar kallo. To kada ka kuskura ka yi shi nan take. Kara kunne jikin laftof ɗin, girgiza kai, ka ce, "Alhaji, bayros ce, cutar kwamfuta, kuma mai haihuwa." Sai ka nemi ruwa. Wa zai kawo ruwan? Yawwa. Mas'ud ya sha ruwa a zauren nan har cikinsa yana ƙugi in ya tashi. Kafin ka tafi, warkar da bidiyo, ka kwantar da hotuna da irin wannan ciwon. Gidan da babu mara lafiya ba a kiran likita.

5. Kada ka raina mai kawo ruwa

Nan Mas'ud ya kusa yin asara. Ran nan Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaro, da ba don kai ba da Hajjina ya salwanta. Allah shi yi maka albarka."

Kunya ta kama shi, wallahi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya gyara komai tsaf, bai bar ciwo ko ɗaya ba, ya koma Tafoki da baƙin ciki, don ya san shi da ganin Hamida sai a mafarki. Dubi sakarci, mutum ya tuba ana gab da girbi.

Ba a jima ba sai ga kira, wai ciwon ya dawo. Ya tafi yana cewa a ransa wannan karon bayros ta gaske ce, yau asirinsa zai tonu. Ya duba. Manhajar rubutu ce, an danna kullum. Aikinsa sak, amma ba hannunsa ba.

Hamida ta ajiye kofin ruwa, ta yi ƙasa da murya. "Mi kake kallo? Tun zuwanka na biyu na gane abin da kake yi. In kai ka tuba, ni ban tuba ba. Ka turo magabatanka, na gaji da ɗaukar ruwa."

6. Shirya wa zaman aure

An ɗaura. Tun ranar laftof ɗin Alhaji ba ta sake ciwo ba, har yau yana gaya wa baƙi albarkar aure ce. Mas'ud kuwa, duk ranar da ya daɗe a majalisa, in ya dawo ya danna bidiyon ƙwallo a tasa kwamfutar, tonon kaji yake gani. Ya iya gyarawa mana, amma ya koyi cewa haƙuri ake fara bayarwa.

Abin lura

In ka gwada, Alhajinka ya kai laftof ɗin wurin mai gyara na gaske a Ƙanƙara aka gaya masa gaskiya, ban san ka ba, ba ka san ni ba, kuma ba na zuwa dubiya. In kuma ka yi nasara, nan ma babu ruwana. Kai ka danna kullum.