Rasuwar Shafin Shagon Labulena

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin cikin ɗaci, ni mai ɗinkin labule da zanen gado a shago na uku cikin jerin da ke kallon tashar mota, nake sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da kwastomomi rasuwar shafin intanet na shagona. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara biyu da wata huɗu a duniya, bayan doguwar jinyar da ni mai shi ce ta ƙarshe da ta san yana yi.

Marigayin bai zo duniya da sauƙi ba. Shekara goma sha tara ina taka keke, duk wanda ya san ni ta bakin wani ya san ni. Mijin ƙanwata, wanda muke kira Injiniya saboda aikin kwamfuta yake yi a wani ofis, shi ya zauna a bencin shagona wata rana ya ce, "Yaya, aiki irin naki a ce sai an zo ƙofa ake ganinsa? Bari in buɗe miki shafi." Sati uku muka yi muna fama. Na sauke labulen ɗakina na riƙa rataya sababbi ɗaya bayan ɗaya, don tagar nan ta fi samun haske. Ƙanwata na riƙe kujera ina hawa, shi yana ɗaukar hoto. Sau biyar aka sake rubuta bayanin yadda mutum zai auna tagarsa, domin na san halin mutane, sai su auna gilashi su manta da bango. Da aka zo rajistar sunan shafin ya ce katina na banki ya ƙi shiga, bari ya yi da nasa, daga baya a mayar da sunana. Na ce Allah ya yi albarka. Kalmar sirri ma ya ce in bar masa, kada in sha wahalar tunawa. Na ƙara sa masa albarka.

Duk wanda ya yi hulɗa da marigayin zai shaide shi da haƙuri. Ba ya gajiya da mai tambayar farashi sau goma bai saya ba. Ba ya tafiya cin abinci, ba ya ɗaure fuska, bai taɓa ce wa kowa ya dawo gobe ba. Maganarsa ɗaya ce tak a duniya: tin! a wayata, duk lokacin da oda ta shigo. Ina tsaka da yanka yadi in ji tin, in ajiye almakashi ina murmushi ni kaɗai. Ta dalilinsa na ɗinka wa wani masauki labulen ɗaki goma sha huɗu, na aika zanen gado garuruwan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Ta dalilinsa aiki ya yi min yawa har na sayi keke na biyu na zaunar da ƙanwata a kai, na koya mata yadda ake tattara kan labule ya sauko daidai, abin da ban taɓa koya wa kowa ba. Bayan shekara ta ce ciwon baya ya matsa mata, za ta huta a gida. Na ce ta tafi da keken, ko kayan yaranta ta riƙa ɗinkawa.

Ciwon ajali ya fara ne da shiru. Tin ɗin da nake ji sau biyar, sau shida a yini ya koma sau ɗaya, ya koma sai a yi kwana uku ban ji ba. Na tambayi Injiniya, ya ce kasuwa ce, kowa kuka yake. Na yarda. Na ɗinka sababbin samfura na ba shi hotunan ya ɗora. Har laifin kaina na riƙa gani, ina cewa ko yayi ne ya wuce ni ban sani ba.

Wata bakwai ana haka, sai ranar da wata malamar asibiti ta shigo da labule a jaka ta zazzage shi a kan teburin yanka. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da yatsa uku, zaren ma ba kalar yadin ba ne.

"Baiwar Allah, sunanki na gani na saya. Haka kike aiki?"

Na ce wannan ba hannuna ba ne. Ta buɗe wayarta ta nuna min shafin. Sunan nawa ne, hotunan nawa ne. Ta danna inda aka rubuta a tuntuɓe mu, lamba ta fito. Ban buƙaci karanta ta sau biyu ba. Ni na saya wa ƙanwata layin nan ranar da ta gama makaranta.

Na warware labulen na gyara wa matar tana zaune, sannan na rufe shago na nufi gidansu. Keken da na bayar yana tsakiyar falo, ga yadi jibge har kan kujeru. Ƙanwata ta kasa ɗaga kai. Injiniya ne ya yi magana.

"Yaya, ai abin duk gida ne. Mun ga aikin ya yi miki yawa, muka ce mu rage miki."

"To, ba ni kalmar sirrin."

"Ai da sunana aka yi rajista. Ko ina aka je nawa ne."

Na juya ga wadda na goya a bayana na ce, "Ke fa, me kika ce?"

Ta ce, "Yaya, ni ma ina da yara."

Kamar ni itace na haifa.

Magana ta je gaban mahaifiyarmu. Ta saurari kowa, ta yi kuka, ta ce ba za ta rayu ta ga 'ya'yanta biyu a gaban hukuma ba a kan abin da ko taɓa shi da hannu ba a iya yi. Ta yanke cewa a rufe shi, kowa ya rasa, a zauna lafiya. Ban iya musa mata ba. Ranar Talata ina tsaye a shago na buga adireshin a waya, sai ga fari fat, da layi ɗaya mai cewa ba a sami wannan shafi ba. Cikawarsa ke nan.

Marigayin ya bar ni, da keke ɗaya. Ya bar kwali guda na katin shago, da ƙananan tambarin da nake ɗinkawa a gefen kowane labule, duk ɗauke da adireshin da ba ya kai kowa ko'ina. Ya bar lambobin kwastomomi na shekara biyu a hannun da ba nawa ba. Akwai kuma wani shafi da aka haifa kwana huɗu bayan rasuwarsa, da wani suna daban, amma kama ba ta ɓuya. Tagar ɗakina ce a hoton farko. A na bakwai ga hannuna riƙe da gefen labule, har da tabon dutsen guga a bayan babban yatsa. Ba ni da alaƙa da wannan jariri, kada a kawo min barka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar shago. Mai fenti zai shafe adireshin daga jikin allo, maƙwabcina mai walda ya ba da aron tsani. Daga nan za a zauna a farke tambarin daga kayan da aka riga aka ɗinka, saboda haka mai zuwa ta'aziyya ya taho da reza, a rage aiki. Ana roƙon masu gaisuwa su tsaya a kan "Allah ya ba da haƙuri." Wanda ya taho da "ai jini ɗaya ne" ya ajiye ta a bakin ƙofa. Na ji ta har na ƙoshi cikin sati biyun nan, kuma kullum ni kaɗai ake gaya wa.

Mahaifiyarmu ta aiko cewa ƙanwata na son zuwa. Ta zo, ban hana kowa ba. Za a ba ta kujera, a ba ta ruwa kamar kowane baƙo, idan ta tashi a raka ta bakin titi kamar kowane baƙo. Bayan tebur dai na 'yan gida ne.