Yadda Ake Zama Jarumar Duka a Holiwud Ba Tare da Karya Farce Ba

Ke 'yar uwa, kina so duniya ta san ki da dirowa daga bene da naushin ƙarti, alhali ko kyankyaso kika gani sai kin haye kujera? Kin zo inda ya dace. Na tsufa ina shafa wa taurari hoda a garin nan, kuma hanyar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ita Darlin Furuwit ta bi har ta zama tauraruwar shirin 'yan sanda na talabijin.

1. Nemo mai shan wuya a madadinki

Mace mai tsayinki, mai taurin ƙashi. Darlin ta samu Yolanda. A sa mata gashi irin naki, a ɗauki hotonta ta baya. Ita za ta faɗo daga mota, ke kuma ki juyo da fuska kina haki. Kowa da rabonsa.

2. Yi tabo

Jaruma ba tabo, miya ce ba gishiri. Ni na zana wa Darlin nata a girar dama. Rannan na manta na sa shi a hagu, ba wanda ya kula.

3. Cika baki a talabijin

Da mai hira ya tambaye ta, Darlin ta shafa girar ta ce, "Ni fa komai da kaina nake yi. Tsoro? Ban san shi ba."

Aka yi ta tafi. Yolanda na asibiti, ƙafa a rataye, tana kallo.

4. Kada ki san ta a cikin mutane

A wajen liyafa, Mista Hagrob mai shirin ya hango Yolanda da sanda, sai ya juyo wajen Darlin.

"Wace ce waccan, tauraruwata?"

"Oho, mai kai min kare yawo ce."

Wallahi ni kaina sai da na ji kunya, kuma ba na cikin masu saurin jinta.

5. In an yarda da ke, kada ki ja da baya

Ranar ɗaukar kashi na ƙarshe, aka hau da Darlin rufin bene mai hawa biyar. Ta leƙa katifar iska a ƙasa, ta waiwaya tana neman gashi irin nata. Babu.

"Ina... ina yarinyar nan?"

"Mai karen? Na sallame ta," in ji Hagrob. "Ashe banza take ci a nan, tunda komai da kanki kike yi. Ga 'yan jarida can na gayyato miki, kai tsaye za su nuna."

In ta diro, ƙashi ya karye. In ta sauko ta matakala, shiri da suna sun tafi. Ta riƙo hannuna gam, gumi ya wanke tabon tas.

"Ƙawata, ya zan yi?"

Na ce, "Ɗaga haɓa in gyara miki hoda."

Gargaɗi: duk wadda ta bi matakan nan ta karye, kada ta kira sunana. Fuska na sani. Daga wuya zuwa ƙasa ba aikina ba ne.