Mai Son Sara Ya Tsaya a Rana

"Lafiya lau, Amarya. Ashe har yanzu ba ki mutu ba?"

"In mutu in bar maka gadon tabarmata? Ina mutanen Kalgo? Ruwa ya rage muku ko zangarniya guda bana?"

Muzzammil ne, ɗan kawuna, wanda Kaka Delu ke kira maigidanta tun ranar sunansa. Ya taso daga Kalgo a kan babur, rana tsaka, cikin riga mai hoton ɗan takara gaba da baya. Ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya durƙusa ya gaishe ta. Ni ina gefe ina tsintar shinkafa a gindin dogonyaron ƙofar gidanmu a Gwandu, inda Kaka ke wuni tun ban san kaina ba.

"Albishir na kawo miki," in ji shi. "Jibi Onarabul zai yi taro a filin nan. Ƙofarki za ta fito a talabijin."

"To, ya zo. Filin Allah ne."

"Sai dai motar dandamali ba ta shiga, iccen nan ya tare. Ciyaman ɗin jam'iyya ya ce tunda matata ce mai shi, in zo in ba da umarni. Masu injin yanka suna bakin kasuwa, waya kawai suke jira."

Hannuna ya tsaya cikin tire. Shi kaɗai ne babban icce da ya rage a layinmu. Kaka ta ɗauki sandarta, ta miƙa hannu, ta ja layi a ƙasa daidai inda inuwa ta ƙare.

"Maigida, koma can."

"Ina?"

"Rana. Ba ka zama inuwar icce kana shirya mutuwatai. Tsaya can ka kawo hujjarka. In ka gama ba ka motsa ba, kira masu inji. In ƙafarka ta taɓa inuwa, kai da bakinka za ka hana su."

"Wannan ne kawai? Tsohuwa, ni da na yi rali tun daga Dangoma har Malisa a bayan a-kori-kura! Na yarda."

Ya tsallaka layin yana dariya. Sai da tafin ƙafarsa ya sauka a kan rairayi ya waiwayo neman takalmi. Kaka ta riga ta ja su ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai.

"Takalmana fa?"

"Wane miji ne ke magana da iyalinai da takalmi? Ina saurare."

"To. Na ɗaya, za a kawo kanofi. Manya, masu geza."

"Da la'asar su naɗe abinsu su tafi. Ni in zauna ƙarƙashin mi? Hoton rigarka?"

"Na biyu, atamfa. Turmi guda naki, na zaɓar miki da kaina, ko za ki yi kyau sau ɗaya a rayuwa."

"Wadda kuka ba ni waccan kakar zaɓe ita na ɗaure wa akuya ta haihu a kai. Ko ita sai da ta kau da kai."

Ya ɗaga ƙafar dama, ya ɗora ta a kan ta hagu.

"Rawa kake, Angona? Ba a fara kiɗan ba."

"Motsa jini nake. Ke ba ki san siyasa ba. Onarabul zai yi titi, zai yi kwalta har ƙofar makabarta don a kai ki cikin sauƙi."

"Madalla. Ruwan sama fa? Da muna shuka mu san ranar da za mu yi noma. Yanzu a jira, a jira, iri ya ƙone a rami, sannan ya zubo dare ɗaya kamar an kife randa. Shinkafar ubanka tana ina? Ba kai ka zo nan kana hawaye, ka ce fadama ta koma gulbi ba? Mi Onarabul ya ce a kan wannan?"

"Ya yi magana! Wallahi ya yi. Sauyin yanayi ko? Ranar taron Kalgo da kunnena na ji shi."

"Ya ce mi?"

"Ya ce, 'Jama'a, in kun zaɓe mu, yanayi zai sauya!' Aka yi ta tafi."

Kaka ta juyo wajena. "Mufida, ke da kika yi jami'a, wanga shi ne sauyin yanayin da rediyo ke faɗi?"

Na sunkuyar da kai, na ce a hankali, "Ina jin yanayin siyasa yake nufi."

"Yanayin aljihunai dai," in ji Kaka. "Wannan kam zai sauya. Naka ma ya ɗan sauya, ga kumatu."

"Munafuka, Mufida! Da ke za a haɗa baki a kashe mini aure?" Gumi ya jiƙe fuskar ɗan takarar da ke ƙirjinsa. Ya sauya ƙafa. "To ji nan. Jam'iyyarmu za ta dasa itatuwa miliyan."

"Ina?"

"Ko'ina."

"Yaushe?"

"Bayan rantsuwa."

"Ku da za ku dasa miliyan, da sare guda za ku buɗe taro? Ɗaya jam'iyyar ma sun zo makon jiya, suka kafa mai hotuna da ƙusa har icce yana hawaye. Na tambaye su zancen ruwa, suka ba ni taliya. Ku duka kun iya kirga ƙuri'a, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi sama."

"Amarya, rage tsawon jawabi."

"A'a, yanzu na fara. Bari in ba ka labarin ranar da kakanka na gaskiya ya dasa shi. Wata Laraba ce, ko Alhamis? Mufida, kawo mini ruwan randa in jiƙa maƙoshi, labarin da nisa."

Na kawo a kofin silba, sanyinsa har ya yi raɓa a jiki. Kaka ta kurɓa a hankali, ta yi ajiyar zuciya, ta zuba sauran a kan ƙafafunta.

Nan Muzzammil ya yi tsalle ɗaya. Bai tsaya a bakin layi ba, sai da ya dangana da gindin iccen ya rungume shi, yana ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.

Kaka ta rangaɗa guɗa. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga.

"Ku shaida! Jam'iyya ta sauya sheƙa, ta dawo inuwa!"

"Muguwar tsohuwa," in ji shi, yana dariya yana hura tafin ƙafa. "Allah ya isa kuɗin sadakina."

"Waya dai, Maigida."

Ya ciro ta. "Ranka ya daɗe, Ciyaman... A'a, a sallami masu inji. A kai dandamali filin ƙwallo... Ranka ya daɗe, matan unguwar nan duka bayanta suke, in aka taɓa iccen nan ko ƙuri'ar akuya ba mu samu... Kuma don Allah a sa wa Onarabul zancen ambaliya a jawabi. Eh, ruwa. Na sama."

Da ya kashe, Kaka ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga bayan kujerarta. Ɗan dogonyaro ne a ciki, bai fi tsawon yatsa ba, irin waɗanda ke tsirowa da kansu a gindin uwar.

"Ungo tukwici. Ka kai Kalgo ka dasa."

Ya karɓa da hannu biyu, yana duban abin.

"Ka gaya wa Onarabul," in ji ta, "an fara mai. Saura miliyan ba ɗaya."